Numfashin Ladan

A wani ƙaramin masallaci da ke unguwar Sabo ta birnin Ibadan akwai wani dattijo wanda ya shekara talatin da ɗoriya yana kiran salla. Mutanen unguwa ba su cika kama sunansa ba, Ladan kawai suke ce masa, yara kuwa su ce Baba Ladan. Tun yana saurayi ya zo daga Arewa a bayan motar shanu, ya zauna yana ɗaurin goro a wurin wani maigida, har Allah Ya ba shi iyali da ɗan abin rufin asiri. Abin da aka fi saninsa da shi shi ne tsawon numfashi. In ya ɗauki kiran assalatu, mai barci a layi na uku sai ya farka, kuma ba a taɓa jin ya raba kalma biyu don neman iska ba.

Da asubahin wata Laraba cikin daminar 2021 sai aka ji kiran ya yanke a tsakiya. Aka saurara, aka ji ya sake ɗauka, ya sake yankewa. Waɗanda suka riga zuwa masallaci suka tarar da shi dafe da bango yana haki kamar wanda ya yi tseren gudu. Wani yaro ne ya ƙarasa kiran a ran nan.

Ashe ciwon ya daɗe yana aikinsa a ɓoye. Shekaru da dama kafin wannan rana an taɓa auna Ladan aka ce yana da hawan jini, aka ba shi ƙwayoyi, ya sha na wata biyu, da ya ji garau sai ya watsar. Daga baya ƙafafunsa suka fara kumbura da yamma har takalmi ya ƙi shiga. Kwanciya ta gagare shi sai ya tara matasai uku, wani dare ma a zaune yake kwana. Uwargidansa ta sha yi masa magana, shi kuwa amsarsa ɗaya ce, sanyi ne da tsufa. Aka yi ta jiƙe-jiƙe, aka yi turare, abu sai gaba yake yi.

Babban ɗansa, wanda ke aiki a Ikko, shi ne ya zo ya ɗauke shi zuwa wani babban asibiti a can. Bayan an yi masa hoton zuciya da awon lantarkin da ke gudana a cikinta, likita ya zaunar da su ya yi musu bayani a tsanake. Ya ce abin da ke damun Baba shi ne gazawar zuciya, watau zuciyar tana nan tana bugawa, amma ƙarfinta ya ragu, ba ta iya tura jinin da jiki ke bukata. Babban ɗakin zuciya na hagu, a jikin mai lafiya, yakan fitar da kashi 55 zuwa 70 cikin 100 na jinin da ke cikinsa a kowane bugu. Na Ladan bai wuce kashi 25 ba. Jinin da bai samu wucewa ba shi ke komawa baya, ruwa ya taru a huhu da ƙafafu, daga nan haki da kumburi suke.

Wannan ciwo ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Wani bincike da aka yi a asibitocin ƙasashen Afirka tara, wanda aka bayyana a 2012, ya nuna cewa hawan jini ne kan gaba wajen jawo gazawar zuciya, kusan rabin majiyyatan ta nan abin ya same su, kuma galibinsu 'yan shekara hamsin da wani abu ne, mutane masu sauran ƙarfi da iyali a wuyansu. Tun cikin shekarun 1970 ma likitoci a Zariya suka yi rubutu a kan yawan gazawar zuciya ga mata masu jego, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan ruwan zafi da kwanciya a kan gadon wuta.

Aka ɗora Ladan a kan magunguna: na fitar da ruwa, na sassauta wa zuciya nauyi, da na rage mata gaggawa. Aka ce a rage masa gishiri da kanwa da dunƙulen miya. Ya yi wata shida yana sha ba fashi. Kumburi ya saɓe, amma numfashi bai dawo ba, daga ƙofar gida zuwa masallaci sai ya huta sau biyu. A nan ne likita ya kawo maganar da ta girgiza gidan.

Ya ce zuciyar Baba, ban da rauni, tana da wata matsala ta biyu. Allah Ya halicci zuciya da hanyoyin lantarki nata na kanta, waɗanda ke kai saƙo ga ɓangarorinta domin su matsa a lokaci guda, kimanin sau 100,000 a kowace rana. A jikin Ladan hanyar da ke kai saƙo ɓangaren hagu ta toshe, saboda haka saƙon sai ya yi zagaye kafin ya isa, wani gefe ya matsa, ɗaya gefen ya biyo baya a makare. Likitan ya kwatanta masa da salka. In mutum ya matsa ta da hannu biyu lokaci ɗaya ruwa zai fito da ƙarfi, in kuwa hannu ɗaya ya riga ɗaya, ruwan sai ya yi ta kai da kawowa a ciki. Maganin wannan, in ji shi, wata 'yar na'ura ce mai batir, ba ta fi agogon hannu girma sosai ba, wadda ake sawa a ƙarƙashin fata a saman ƙirji, ta riƙa aika saƙo ga ɓangarorin biyu tare.

Ladan ya yi shiru har suka fita. A cikin mota ne ya ce wa ɗansa, "Kai yaro, mayar da ni gida. Ran da aka haife ni an rubuta yawan bugun da zuciyata za ta yi. Ba zan sa ƙarfe a ƙirjina in yi jayayya da ajali ba."

Ɗan ya ce, "Baba, ka yi haƙuri ka sake tunani." Bai ƙara ba, domin ya san akwai dalili na biyu da tsohon bai faɗa ba. Kuɗin na'urar da aikin sa ta miliyoyin naira ne, kuma abin da Ladan ya mallaka a duniya shi ne ajiyar da ya shekara goma sha biyar yana tarawa don zuwa Makka.

Maganar ta kai kunnen Liman, wanda suka yi zaman shekaru tare. Ya zo gaishe shi bayan la'asar, suka zauna a zaure. Liman ya ce, "Malam Ladan, tabaron nan da ke idonka, wa ya ƙera shi?" Ladan ya ce Nasara. Liman ya ce, "To, ka yi jayayya da Allah ne da ka sa shi ka ga baƙaƙen Alƙur'ani? Ajali ba ya jin tsoron batir. In lokaci ya yi, da na'ura da babu za ka tafi. Amma jikin nan amana ce a hannunka, neman magani kuwa ba ya kore tawakkali. Hajji an wajabta shi ne ga mai iko, kai ko ɗawafi ɗaya za ka iya a halin da kake ciki?"

Ladan bai amsa ba a ran nan. Da suka koma asibiti sai ya yi wa likita tambayar da ke cin ransa, ya ce, "Likita, in mutuwa ta zo, abin nan ba zai riƙe ni ya hana ni cikawa ba?" Likita ya ce, "A'a, Baba. Aikinta kira ne kawai, kamar naka. Tana kira, zuciya tana amsawa. Ran da zuciya ta daina amsawa, kiran ba shi da wani tasiri." Ladan ya yi murmushi, shi ne karo na farko cikin watanni.

Yana da kyau mai karatu ya san cewa wannan fasaha ta yi doguwar tafiya kafin ta iso nan. A ranar 8 ga Oktoba 1958 ne aka fara dasa wa ɗan Adam na'urar bugun zuciya a cikin jiki, a asibitin Karolinska na ƙasar Suwidin. Likita Ake Senning ne ya yi aikin, injiniya Rune Elmqvist ya ƙera na'urar, majiyyacin kuwa sunansa Arne Larsson, yana da shekara 43. Na'urar farko sa'o'i kaɗan ta yi ta lalace, aka sake sa masa wata. Mutumin nan ya rayu har 2001, ya mutu yana da shekara 86, bayan an canza masa na'ura fiye da sau 20, kuma da likitan da injiniyan duk sun riga shi mutuwa. Waɗancan na'urori na masu jinkirin bugun zuciya ne. Irin ta Ladan, mai haɗa kan ɓangarorin zuciyar da ta gaza, sai cikin shekarun 1990 aka fara gwada ta. Wani babban bincike da aka yi a Turai a kan majiyyata 813, wanda ya fito a 2005, ya nuna ta rage mace-mace da kashi 36 cikin 100 a tsakanin waɗanda ta dace da su.

Ba kowane mai gazawar zuciya take yi wa amfani ba. Sai wanda ƙarfin turawar zuciyarsa ya sauka zuwa kashi 35 ko ƙasa, awo ya nuna saƙon lantarki yana makara, kuma ya sha magani yadda ya kamata na akalla wata uku bai samu sauƙi ba. Ko a cikin waɗannan ma, kimanin mutum ɗaya cikin uku ba ya ganin wani canji. Likita bai ɓoye wa Ladan wannan ba.

Kuɗin Makka suka tafi. Da ba su isa ba, Liman ya yi sanarwa bayan sallar Juma'a, fataken goro da dillalan shanu da mahauta kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, har wata tsohuwa mai sayar da koko ta aiko da nata ƙulle a bakin zane. A farkon 2022 aka yi aikin. Ba a tsaga ƙirji ba, ba a ma sa shi barci ba, allurar kashe zafi aka yi masa a ƙasan kafaɗar hagu. Ta cikin jijiyar jini aka zura wayoyi uku sirara: ɗaya zuwa ɗakin sama na dama, ɗaya zuwa ɗakin ƙasa na dama, ta ukun kuwa, wadda ta fi wuyar sawa, aka bi da ita ta wata jijiya da ke bayan zuciya har ta kwanta a jikin ɗakin hagu. Cikin sa'a uku aka gama, Ladan yana ta tasbihi a zuci.

Kwana biyu bayan haka sai ya ji cikinsa yana zillo kamar mai shaƙuwa, hankalin iyali ya tashi. Ashe wayar hagu ce saƙonta ke taɓa jijiyar da ke motsa tantanin numfashi. Ba a sake yanka ba, wani ɗan faifai aka ɗora masa a ƙirji, likita ya gyara awon ta kwamfuta, zillon ya tsaya nan take.

Aka sallame shi da dokoki. Kada ya ɗaga hannun hagu sama da kafaɗa har mako shida, don kada wayoyin su goce kafin su kama. Kada ya sa wayar salula a aljihun gaban riga, inda kowane Bahaushe ke sa tasa, sai dai aljihun gefe, kuma ya riƙa amsa kira da kunnen dama. Ya nisanci masu walda, kada ya jingina da janareta yana aiki, kada ya rungumi lasifikar masallaci saboda maganaɗisun da ke cikinta. In wurin ya yi ja, ko ya kumbura, ko zazzaɓi ya zo, ya garzaya asibiti. Magunguna kuwa suna nan daram, na'ura ba ta ɗauke masa shan ko ƙwaya ɗaya ba.

Sauƙin a hankali ya zo. Matasai suka koma biyu, suka koma ɗaya. Bayan wata shida hoto ya nuna ƙarfin zuciyar ya hau zuwa kashi 40. Bai kai na mai lafiya ba, amma ya isa mutum ya taka zuwa masallaci bai tsaya ba. Wata asuba, ba tare da ya gaya wa kowa ba, ya karɓi abin magana daga hannun yaron da ke riƙe masa aiki. Muryar ta yi ƙasa, jan kuma bai kai na da ba, amma ya kai ƙarshe bai yanke ba. Uwargidansa tana tsakar gida da buta a hannu, ta tsaya cik har ya gama.

To, jama'a, Ladan ya yi sa'ar ɗa mai hali da unguwa mai zumunci. Masu irin ciwonsa da yawa suna kwance a ƙauyuka da birane, ba su taɓa jin akwai wannan na'ura ba, waɗanda suka ji kuma kuɗinta ya fi ƙarfinsu, ga likitocin da suka iya sa ta 'yan kaɗan ne, yawancinsu a manyan birane. Haƙƙi ne a kan hukuma ta shigar da irin wannan aiki cikin inshorar lafiya, ta kuma horar da ma'aikata. Haƙƙin kowane magidanci kuwa ya fi wannan sauƙi: ya je a auna jininsa, in an ce ya hau ya riƙe magani ko da yana jin garau. Ƙwayoyin da Ladan ya watsar a shekarun baya ba su kai kuɗin goron da yake ci a wata ba.

Batirin na'urar yakan yi shekara biyar zuwa goma, sa'an nan a canza akwatin a bar wayoyin. Ladan ya san da haka. Ya sayi asusu biyu ya ajiye a ƙarƙashin gado, ɗaya na batir, ɗaya na Makka, kowace Juma'a yana jefa wani abu a cikin kowanne. In aka tambaye shi wanne zai riga cika, sai ya ce wannan sanin na Allah ne. Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya kuma cika wa Ladan burinsa, amin.