Huaqiangbei: Kasuwar Da Ake Saya Wa Gida Ido Da Kunne

Duk ɗan kasuwar Kano ko Maraɗi da ke fatauci zuwa ƙasar Sin ya san Guangzhou, amma kaɗan ne ke ƙarasawa Shenzhen, alhali jirgin ƙasa mai gudu yana haɗa biranen biyu cikin kusan rabin sa'a. Shenzhen sabon birni ne mai iyaka da Hong Kong. A 1980 gwamnatin Sin ta keɓe shi a matsayin yankin tattalin arziki na musamman, yau kuwa mazaunansa sun haura miliyan 17. Nan ne hedikwatar Huawei da Tencent, nan ne kuma gidan Transsion mai ƙera wayoyin Tecno da Itel da Infinix da ke aljihunmu.

A gundumar Futian ta wannan birni akwai unguwar Huaqiangbei, wadda ake lissafawa cikin manyan kasuwannin kayan lantarki na duniya. Kasuwa ce ta benaye, mafi shahara a cikinsu shi ne SEG Plaza mai hawa fiye da 70, wanda benayensa na ƙasa duk rumfuna ne. Rumfar ma teburin gilashi ce da ba ta wuce faɗin tabarmar sallah ba, mai kaya na zaune a bayanta da na'urar lissafi, idan harshe ya gaza sai a yi ciniki da lambobi. Ƙarar salatif ɗin masu ɗaure kwalaye ba ta yankewa tun hantsi har magariba. Wanda ya saba da kasuwar waya ta Farm Centre a Kano zai gane yanayin, sai dai a nan har ƙwayoyin da ake harhaɗa wayar da su ana sayarwa, wasu a kan faifai dubu-dubu kamar zare.

Abin da ya fi tsayar da ni shi ne rumfunan kayan gida mai sarrafa kansa. Ga ɗan maganaɗisun da ake mannawa a ƙofa ya sanar idan an buɗe ta, ga na'urar gano motsi, ga ma'aunin zafi da laima, ga wadda ke jin yoyon ruwa ko warin gas, ga makunnin da ake ɓoyewa a bayan soket. Kamfanonin Sonoff da Aqara, waɗanda suka yi suna a wannan fanni, 'yan Shenzhen ne. Da yawa daga cikin masu aiki da Wi-Fi kuwa ƙwaƙwalwarsu ƙwayar ESP8266 ce ko ƙanwarta ESP32, na kamfanin Espressif da ke Shanghai, waɗanda suka fito a 2014 da 2016 suka karya farashin wannan sana'a.

Da wuya mai saye ya tambayi inda umarninsa yake bi kafin ƙwan lantarki ya kama. A yawancin kayan, idan ka latsa waya kana falo, saƙon sai ya fita ta intanet zuwa manyan kwamfutocin kamfani a wata nahiya, sannan ya dawo ya kunna fitilar da ke saman kanka. Muddin hanyar tana buɗe, ba ka jin komai. Amma a 2016 kamfanin Nest ya kashe na'urar Revolv daga nesa, waɗanda suka saya da kuɗinsu suka wayi gari da akwatin da ba ya motsi. A Afrilun 2022 kwamfutocin Insteon suka ɗauke ba sanarwa, sai da wasu masu amfani da kayan suka sayi kamfanin kafin abin ya dawo. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Mu kam ba sai kamfani ya durƙushe ba. A Satumbar 2021 an rufe layukan sadarwa a Zamfara saboda matsalar tsaro, daga bisani wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna suka bi. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace, Afirka ta Yamma ta shiga tangarɗa na kwanaki. Gidan da ƙararrawar ƙofarsa ke jiran izini daga ƙetare, a irin ranar da aka fi bukatarta ne za ta yi shiru.

Akwai wata hanyar, kuma kayanta duk suna cikin wannan kasuwa. Ana ajiye ƙaramar kwamfuta a gida, irin Raspberry Pi da ba ta fi tafin hannu ba, a sa mata manhajar Home Assistant, wadda Paulus Schoutsen ɗan ƙasar Holand ya fara rubutawa a 2013, kyauta ce kuma kowa na iya duba cikinta. Na'urorin sai su yi magana da ita kai tsaye, da yawa ta tsarin Zigbee, inda masu jone da wuta ke miƙa wa juna saƙo, masu ƙaramin batir kuma su shekara ba a canza musu ba. Ka'idojin mai gida ne ke rubutawa: idan tanki ya cika a kashe injin ruwa, idan batirin sola ya yi ƙasa a sauke firiza a bar fanka da fitilu, idan an buɗe ƙofar waje bayan sha biyun dare a kunna fitilar tsakar gida. Wutar da wannan kwamfuta ke ci ba ta wuce ta ƙwai ɗaya ko biyu na zamani ba, kuma ko intanet ta ɗauke aikin yana tafiya.

Batun murya ya fi nauyi, domin makirfo ne ake girkewa a ɗaki. Maginan gidan Bahaushe sun san dalilin da ya sa suka sa zaure tsakanin baƙo da cikin gida. Sifikar da ke aika magana waje ta tsallake zauren nan ba sallama. A 2019 aka bayyana cewa ma'aikata suna sauraren wani kaso na maganganun da Alexa ta naɗa domin inganta ta, a Maris 2025 kuma Amazon ta cire zaɓin da ke bai wa wasu na'urorin Echo damar tace magana ba tare da aika ta ba. A tsarin cikin gida, manhajar Whisper ce ke mayar da magana rubutu, Piper ta ba da amsa da murya, duk a kan kwamfutar mai gida.

Abin yana da nasa tsada. Ƙaramar kwamfuta tana jinkiri wajen fahimtar magana, kafa tsarin yana cin lokaci, kuma idan ya lalace ba kamfanin da za a kira. Babban giɓin shi ne harshe. Alexa ba ta jin Hausa, Whisper kuma ko da Hausa na cikin harsunanta, jin nata da rauni, saboda ƙarancin muryoyin da aka horar da ita da su. Sai an koya wa na'ura Kananci da Sakkwatanci, an kuma nuna mata cewa "kashe wuta" a falo daban, a kicin daban.

Huaqiangbei za ta sayar maka da ido da kunne da arha, amma ba ta da rumfar da ake sayar da Hausa. Wannan aikin jami'o'inmu ne. Shirin Common Voice na Mozilla yana karɓar muryoyin Hausa daga duk mai waya. Da sassan Hausa da na injiniyan lantarki a Bayero da Ahmadu Bello da Ɗanfodiyo za su haɗa ɗalibansu, waɗannan su tattara muryoyin maza da mata da tsofaffi, waɗancan su horar da na'ura a kan umarnin gida ɗari biyu kacal, da mun sami gidan da tsohuwa za ta ce a kunna fanka ya ji, maganar kuma ba ta wuce zaure ba.