Faifan da Aka Ce Ya Ɓata

Akwai wata sana'a da ba ta da rumfa a kasuwarmu. Masu ita suna bin shagunan gwanjo da ɗakunan ajiya na gidajen rediyo, suna tonon tsofaffin faya-fayan garmaho da kaset-kaset. In sun taki sa'a sai su ci karo da wanda ya yi shekara talatin ko arba'in a kwance ba mai taya shi. Su kakkaɓe ƙura, su nemi mai waƙar, su sake buga faifan a sabon kwali. Daga nan jaridu su ɗauka: an gano wani gwani da ya ɓace. Ni abin da nake dubawa a irin wannan labari shi ne inda gwanin yake duk tsawon shekarun ɓatan nasa. Yawanci yana gidansa.

Ɗauki Mamman Sani na Yamai. Ma'aikaci ne, ya yi aiki da UNESCO. A wajen wani taro ya ga wani wakilin Ruwanda da abin kiɗa na lantarki ƙirar Italiya mai suna Orla, dangin fiyano. Ya saye shi a hannunsa. A 1978 ya shiga gidan rediyon ƙasa ya ɗauki kaset guda. Kwafin da aka yi kaɗan ne, ana kiyasin ɗari. Bayan shekara talatin da ɗoriya wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, ya tsinci ɗaya a ma'ajiyar gidan tarihi na ƙasa a Yamai. A 2013 ya fitar da shi a faifai da sunan La Musique Électronique du Niger. Mamman Sani ya hau jirgi ya tafi Turai yin wasa.

To, duk shekarun nan kiɗan bai yi shiru ba. Rediyo da talabijin na Nijar suna sa shi tsakanin shiri da shiri, a ɗan taƙin nan da mai gabatarwa yake gyara takardunsa. Mutanen Maraɗi da Damagaram sun sha jin sa suna cin tuwon dare. Ka taɓa tambayar sunan kiɗan da ake sawa kafin labarai? Ni ma haka. Abin da kiɗan ya ƙaru da shi a 2013 kwali ne, da sunan mai shi a rubuce, da farashi a dala.

Kada ka ce ina ƙyashin Ba'amurken. Ya yi tafiya, ya zuba kuɗinsa, ya nemi mai abu ya yi magana da shi. Da bai zo ba, wataƙila da zafi da ƙura sun gama cinye kaset ɗin. Sai dai yadda ake ba da labarin ne kamar baƙon da ya sha ruwa a rijiyar gari, ya koma gida ya ce ya gano rijiya.

Akwai kuma wanda ba a nema ba. Kari da dama da Mamman Sani ya kaɗa daga waƙoƙin gargajiya na Nijar ya ɗauko su, na Fulani Wodaɓe da na Buzaye. Shi ya juya su, ya sa musu lantarki, wannan aikinsa ne ba gardama. Amma wani ne ya fara rera su a bayan shanu ko raƙuma. Shi ba wanda zai taso daga Amurka neman sa. Ba shi da kaset.

Labarin da ya fi tashe a wannan fage na Sixto Rodriguez ne, ɗan asalin Meziko da aka haifa a Detroit. Ya fitar da Cold Fact a 1970, da Coming from Reality a 1971. Ba su yi kasuwa a Amurka ba, kamfani ya sallame shi. Ya koma aikin ƙarfi, rusau da gyaran gidaje. Can a Afirka ta Kudu, zamanin wariyar launin fata, samarin Turawa suka rungumi faifan. Ana kiyasin an sayar da kusan rabin miliyan. Gidan rediyon gwamnati har ƙarce waƙar Sugar Man ya yi a jikin faifan, don kada wani ma'aikaci ya yi gangancin sa ta. Mutanen can suka kuma yanke wa mutumin mutuwa. Jita-jita ta ce ya kashe kansa a kan dandamali.

Shi kuwa yana Detroit. Ya yi digirin falsafa a Jami'ar Wayne State a 1981. Ya tsaya takarar magajin gari. Wato a lokacin da ake makokinsa a Cape Town, sunansa na kan takardar zaɓe a garinsu. Masoyansa biyu, Stephen Segerman da Craig Bartholomew Strydom, suka bi sawu suka same shi a 1997. A 1998 ya je ya yi wasa a gaban mutanen da suka binne shi. Fim ɗin da aka yi a kan haka, Searching for Sugar Man, ya fito a 2012 ya ci kyautar Oscar. Fim ne mai sa hawaye. Bai dai ambaci cewa mutumin ya zagaya Ostareliya yana wasa a 1979 da 1981 ba. Da an ambata, da hawayen sun ragu.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a nan ɗan ƙaramin rubutun nan ne da ke tsakiyar faifai, wanda sai ka kanne ido kake karantawa. A nan ake sa sunan wanda ya rubuta waƙa, kuma shi kuɗi ke bi. A jikin Cold Fact an jingina waƙoƙinsa ga Jesus Rodriguez, ɗan'uwansa, da wani wai shi Sixth Prince. Sixto ne ya rubuta abinsa. Shekara da shekaru ana saye a Afirka ta Kudu, kuɗin bai isa hannunsa ba. Maganar sunayen nan sai da ta kai kotu a 2014, shekara 44 bayan fitowar faifan. Ya rasu a watan Agusta na 2023 yana da shekara 81.

Wanda ya fi burge ni a cikinsu ɗan Enugu ne, William Onyeabor. Tsakanin 1977 da 1985 ya yi ta fitar da faya-fayai na kiɗan lantarki a kamfaninsa, Wilfilms. Shi ya rubuta, shi ya ɗauka, shi ya buga a injinsa. Sai ya ajiye kiɗa, ya rungumi coci da kasuwanci. Kamfanin Luaka Bop na David Byrne ya ɗauki shekaru yana lallashinsa kafin ya sa hannu. A 2013 suka fitar da tarin waƙoƙinsa da suna mai alamar tambaya, Who Is William Onyeabor? A Enugu tambayar ba ta da wuya. Cif ne, attajiri, mai masana'antar niƙa gari. In an tambaye shi tsohon kiɗansa sai ya karkatar da hira zuwa addini. A 2014 manyan mawaƙa, har da Damon Albarn, suka taru a Landan suna kaɗa waƙoƙinsa. Bai je ba. Ya rasu a Janairun 2017. Bayan 'yan watanni kamfanin Apple ya sa waƙarsa Fantastic Man a tallar waya.

Ainihin tsofaffin faya-fayan nasa yanzu suna kai ɗaruruwan daloli a hannun dillalai. Faifan hannu kuwa ba ya biyan mai waƙa ko kwabo. Ribar ta wanda ya ajiye ce.

Mu nan namu ya fi wannan sauƙin ɓata. Kaset ɗin kasuwa da biro ake rubuta sunan mawaƙi a jikinsa, in an rubuta. Mai kalangu da mai kuntigi da 'yan amshi ba su da gurbi. Da waƙa ta koma waya sai ta zama Track 01 a hannun masu tura waƙoƙi. Don haka, malam, in akwai kwalin kaset a ƙarƙashin gadon tsohonka, ɗauko shi tun yana da rai. Tambaye shi wa ya yi wannan, a wane gari, wace shekara, su wa ke amshi. Abin da ya faɗa maka ka rubuta a takarda ka sa a cikin kwalin.