Godiya Daga Iware Ga Malamar Da Ta Saurari Ƙanena

Malama,

Daga Iware nake rubuto miki, a madadin Innarmu da dukan gidanmu. Hausawa na cewa yaba kyauta tukwici, mu kuwa ba mu da tukwicin da ya kai girman abin da kika yi mana, sai yabo da addu'a. Ban ambaci sunanki ba, ban ambaci na ƙanena ko na jami'ar da yake karatu ba, domin aikinki a kan riƙon amana ya ginu, ba kuma ni zan warware shi ba. Da izininsa na rubuta. Shi ne ma ya ce a buga, ko Allah zai sa wani ɗalibi ya karanta ya san cewa a makarantarsu akwai ofishin da ake zuwa da damuwa, a fito da sauƙi.

Duk wanda ya san Iware, da kara, wato kasuwar shanu, ya san ta. Garin yana kan hanyar Jalingo zuwa Wukari, a Ƙaramar Hukumar Ardo Kola, kuma ranar kasuwa manyan motoci ke lodin shanu zuwa Kudu. A wannan karar mahaifinmu ya yi dillanci har Allah ya karɓi ransa, da kuɗin la'adarsa muka yi karatu. A 2022, da yajin aikin ASUU ya zaunar da ɗalibai a gida tun daga Fabrairu har Oktoba, ƙanena ya koma kara yana taya abokan Baba aiki, kora da ɗauri da lodi. A watan Afrilun shekarar, cikin azumi, bam ya tashi a wata mashaya a garin. Aka rasa rayuka, mutane da dama suka jikkata, daga baya ƙungiyar ISWAP ta ce ita ta kai harin. Ƙanena yana kusa da wurin. Ko ƙwarzane bai yi ba, har yana cikin waɗanda suka ɗauki masu rauni zuwa mota. Muka yi hamdala, muka ce ya tsira.

Bayan 'yan makonni sai barci ya ƙaurace masa. In ya runtsa, ya farka a firgice, gumi sharkaf. Salansar babur in ta yi ƙara, sai ya zabura kamar zai ruga. Ya daina bin hanyar da abin ya faru, daga baya ya daina zuwa karar gaba ɗaya. Yaron da ke cika gida da raha ya koma ba um ba um-um, in kuma ya buɗe baki faɗa ne. Da aka koma makaranta, karatu ya ƙi zama a kansa. Ya fara tsallake lacca, ya faɗi darussan da da can yake koya wa abokansa, ya rame har wuyansa ya fito.

A gari kowa ya faɗi nasa. Wasu suka ce jifa ne, wasu suka ce ya gamu da iska a wurin da aka zubar da jini, wasu kuma suka yi ƙasa da murya suka ce a duba ko ƙwaya yake sha. Ba mugunta ce ta sa su faɗa ba, kowa iyakar saninsa ya kawo. Inna ta karɓo rubutu, aka yi tofi, aka yi ruƙiyya, kuma yakan ɗan sami natsuwa da su. Amma abin da ke cinsa ya kasa faɗa wa kowa. An raine shi a kan cewa namiji dauriya gare shi. Ya kuma san in aka laƙaba wa gida sunan taɓin hankali, har auren ƙannensa mata sai abin ya shafa.

Godiyata ta farko, bayan ta Allah, ga abokin ɗakinsa take, wani yaro Mumuye daga Zing. Shi ya ga daren da mu ba mu gani ba. Bai yi masa dariya ba, bai kai labarinsa majalisar abokai ba. Ya yi ta lallashinsa, da ya ga lallashi bai isa ba, ya raka shi har ƙofar ofishinki, ya zauna a waje yana jira. Addininsu ba ɗaya ba ne, harshensu na gida ba ɗaya ba ne, amma ya yi masa abin da ɗan'uwa na jini zai yi. Allah ya saka wa iyayen da suka yi masa tarbiyya.

Sai ke, Malama. Ƙanena ya ce abin da kika fara gaya masa shi ne duk maganar da za ku yi a ɗakin za ta tsaya, ba za ta je kunnen malamansa ko na gida ba sai da yardarsa, sai fa in ransa ko na wani na cikin haɗari. Ya ce wannan sharaɗin da kika faɗa a fili tun farko shi ya sa ya yarda da ke, domin ya ga ba ki yi masa alkawarin ƙarya ba. Daga nan kika bar shi ya yi magana. Ba ki katse shi da wa'azi ba, ba ki ce ya gode wa Allah tunda wasu sun mutu shi yana raye ba. Wannan maganar ya ji ta a bakin mutane har ta zame masa nauyi, yana ganin kamar kukansa butulci ne.

Kika kuma yi masa tambayar da dukanmu muke tsoro. Kika tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa tunanin kashe kansa. Ya ce miki eh. Daga baya kika bayyana mini cewa tambayar ba ta dasa wa mutum tunanin da ba shi da shi, hanya take buɗe wa wanda ke ɗauke da shi shi kaɗai ya sauke. Malama, na sha tuna wannan. Muna gida muna lissafin kuɗin makaranta, ba mu san inda yaronmu ya kai ba. Ranar kika nemi yardarsa, kika kira ni.

Da na zo, bayanin da kika yi mini ya fi kowane magani kwantar mini da hankali. Kika ce wanda ya ga tashin hankali irin wannan, wani lokaci jikinsa kan ci gaba da zama cikin shirin gudu ko da haɗarin ya wuce. Shi ya sa ƙara kaɗan ke zaburar da shi, shi ya sa barci ke gagararsa. Gudun wurin da abin ya faru yana ba shi sauƙi na ɗan lokaci, amma yana ƙara wa tsoron ƙarfi. Rashin barci da kaɗaici da faɗuwa jarrabawa kuma suka taru suka jawo ciwon damuwa. Kika ce wannan ba raunin imani ba ne, ba lalaci ba ne, ciwo ne da aka sani, kuma ana warkewa.

Na ga yadda kika yi aikin daki-daki. Kika koya masa yadda zai daidaita numfashi in firgicin ya taso. Kika tsara masa lokacin kwanciya, kika sa ya ajiye waya da shayi mai kauri da dare. Kika sa ya riƙa ba da labarin ranar kaɗan-kaɗan, gwargwadon abin da zai iya ɗauka, har ya kai yana faɗa ba tare da jikinsa na rawa ba. Da hutu ya zo, kika ce in riƙa raka shi kusa da kara, yau mu tsaya daga nesa, gobe mu matsa. Mu 'ya'yan dillalai mun gane wannan nan take: saniyar da ta tsorata a mashigin ruwa ba a tsallakar da ita da sanda, a hankali ake bi da ita a bayan 'yan'uwanta har ta taka da kanta. Da yardarsa kuma kika yi magana da malamin da ke kula da ajinsu, aka nuna masa yadda zai sake ɗaukar darussan da ya faɗi ba tare da ya ɗora wa kansa kayan da ya fi ƙarfinsa ba.

Abin da Inna ba za ta manta ba shi ne ranar da kuka yi magana ta waya. Ta shiga maganar da fargabar za a ce mata rubutu da addu'a jahilci ne. Sai kika gaishe ta da girmamawa, kika ce, "Inna, ki ci gaba da yi masa addu'a, yana bukatarta. Mu ma za mu yi namu." Kika roƙe ta abu biyu kawai: kada a daina kai shi wurin likita, kada kuma a yi masa gori. Da kin raina abin da ta yi imani da shi, da ta janye ɗanta, da an yi asara. Wannan hikima tana da tarihi a ƙasar nan. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abeokuta, inda marasa lafiya ke zama a gidajen ƙauye tare da wani nasu suna karɓar magani, domin ya gane cewa ɗan Afirka ba ya warkewa a ware da danginsa. Abin da na karanta game da Aro, na gan shi a ofishinki.

Na gode kuma da kika san iyakar aikinki. Kika ce ke mai ba da shawara ce, rubuta magani aikin likita ne, kika ba mu takarda zuwa asibiti a Jalingo. Likitan da ya duba shi ya gaya mana gaskiya: maganin damuwa yakan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsa, ba a kuma yanke shi rana ɗaya don an ji sauƙi. Allah ya saka masa. Limamin unguwarmu ma, da Inna ta kai masa maganar, cewa ya yi neman magani ba ya karo da tawakkali. Wannan kalma tasa ta rufe bakuna da yawa.

Sai da abin ya same mu na san ƙarancin irinku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya na fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa. A Najeriya, mai mutane fiye da miliyan 200, ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa 'yan ɗaruruwa ne kacal. Manyan asibitocin da aka fi sani a Arewa suna Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, kowanne doguwar tafiya ce daga Iware, ga kuɗin mota da ya ninka tun da aka cire tallafin mai a 2023. A farkon shekarar ne kuma aka samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tanadi kare mutuncin mai lalura. Doka ta yi kyau, amma ɗalibin da ya kwana uku bai runtsa ba mutum yake bukata a kusa, wanda zai same shi tsakanin lacca da lacca ba tare da ya biya ko sisi ba. Wannan gurbin kuke cikewa.

Don haka godiyata tana tafe da roƙo. Ga shugabannin Jami'ar Jihar Taraba da ke Jalingo, wadda aka kafa a 2008, da Jami'ar Tarayya ta Wukari ta 2011, da sauran manyan makarantun jiharmu: ku riƙe ofisoshin ba da shawara da daraja. A ba su ɗaki mai sirri, inda ɗalibi zai shiga ba a idon jama'a ba. A samar da mata da maza, domin akwai maganar da yarinya ba za ta faɗa wa namiji ba. A sanar da sababbin ɗalibai wurin tun makon farko. Jiharmu ta ga rikice-rikice da garkuwa da mutane da ambaliya, kuma yaran da suka ga waɗannan abubuwa da idonsu su ne ke zaune a azuzuwanku. Ga iyaye 'yan'uwana kuma: in ɗanku ya sauya, ya daina barci, ya daina cin abinci, ya janye daga mutane, ku tambaye shi da taushi kafin ku yanke masa hukunci, ku kuma nema masa taimako da wuri.

Malama, ƙanena ya cinye darussan da ya maimaita. Yana barci, yana cin abinci, ranar kasuwa in yana gida da shi ake lodi. Akwai ranakun da abin kan ɗan motsa, amma yanzu ya san sunansa, ya san abin yi, ya san wanda zai kira. Ya riga ya raka wani abokin karatunsa ofishinki, kamar yadda aka raka shi.

Allah ya saka miki da mafificin alheri. Ya rufa miki asiri duniya da lahira kamar yadda kika rufa mana, ya shirya miki zuriya, ya ba ki lafiya da ƙarfin ci gaba da wannan aiki. Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu a Iware, ya ba masu rauni lafiya, na jiki da na zuci, ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya. Inna tana gaishe ki, ta ce in gaya miki kina da gida a Iware.