Ɗakunan Hayar da Ban Gina Ba

A Suleja ba a barin fili ya huta. Tun 1976 da aka yanki ƙasa aka yi babban birnin tarayya, har garinmu ya bar masa sunan Abuja, duk ma'aikacin da hayar can ta fi ƙarfinsa nan yake zuwa kwana. Shi ya sa kowa ke kallon bayan gidansa da idon ɗakin haya. Ni kuwa wurin da zai ci ɗaki biyu na bar wa ɗorawa.

A filin na tarar da ita. Da magini ya ce a sare, na ce a dakata, kuma ba wani hangen nesa ne ya sa ba. Mahaifiyata da kalwa ta rene mu, tana dafawa tana yin daddawa, sai na ji hannuna ya yi nauyi. Yayana bai ɓoye ra'ayinsa ba: "Malam, itace ne zai biya maka kuɗin makarantar yara?" Ban ba shi amsa ba. Gaskiyar magana, har yau duk lokacin da zangon karatu ya zo sai na lissafa hayar nan a zuci, raina ya ɗan sosu.

Abin da ban sani ba shi ne gidan ba ni kaɗai ke cin moriyarsa ba. Da rani, kafin zafi ya tsananta, ɗorawa kan saki jajayen furanni masu reto kamar tuntu. Da magariba jemagu ke zuwa shan ruwan furen, su ne kuma ke yi mata barbara daga itace zuwa itace. Da sassafe ƙudan zuma su karɓi aiki. Uwargida dai ba ta yafe wa jemagun ba, saboda abin da suke yi mata a kan shanya.

A jikin katanga, inda maƙwabta ke jera furannin da ake sayarwa bakin titi, masu shan ruwa safe da yamma, ni wake na shuka da baba, wanda ake rini da shi. Wani malamin gona ya tuge min tushen wake ya nuna min ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwa. A cikinsu ƙananan halittu ke kamo sinadarin naitirojin daga iska, wato abin da muke saye da tsada a buhun yuriya. Ya ce ita ɗorawa ba a san ta da wannan ba sosai, duk da danginsu ɗaya. Nata taimakon ganye ne da inuwa. Jar ƙasar wurin ta fara duhu, ta daina tsagewa da rani.

Bara na ƙara da madobiya, wadda aka yi ta sarewa ana lodi zuwa Sin har yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin itatuwa da namun daji, ta sa mata takunkumin ciniki a 2017. Awakin unguwa sun fi kowa murna da zuwanta, dole na kifa mata kwando. Da yaya ya zo ya gani, sai ya girgiza kai ya ce in ɗorawa ta nuna a aika wa iyalinsa garinta, ba wai don ya sauya ra'ayi ba.