Ragowar Jiya a Gindin Tukunya

Ya kai ɗalibi, in ka taɓa ganin ƙullun masa ya kwana ya tashi, ko ka ga tukunyar burukutu tana kumfa kamar tana tafasa alhali babu wuta a ƙarƙashinta, to, ka ga aikin wata halitta wadda ido ba ya iya gani. Sunanta yisti. Sukari take ci, ta fitar da iska da barasa. Iskar ce ke kumbura ƙullu, barasar kuwa ita ke sa maye.

Kada ka ɗauka ina kwaɗaita maka shan giya ne. Musulunci ya haramta ta, majami'u da dama a Kudancin Kaduna suna hana mabiyansu, kai kuma yaro ne. Abin da nake so ka lura da shi shi ne ilimin da ke hannun matan da ke wannan sana'a a nan Samaru Kataf da ƙauyukan ƙasar Atyap, waɗanda kayan aikinsu bai wuce tukunya da ƙwarya da muciya ba.

Da farko sukan jiƙa dawa, su baza ta, su rufe da ganye, suna yayyafa mata ruwa har kwana uku ko huɗu, sai ta tsira. A cikin tsiron nan ne garin ƙwayar ke fara juyewa ya zama sukari, shi ya sa masu kunun zaƙi ma ke neman tsiro. Sa'an nan a shanya, a niƙa, a dama, a dafa, a bar shi ya yi tsami, a sake dafawa.

Nan ne gwaninta take. Wuta ta riga ta kashe duk wani abu mai rai a tukunyar, saboda haka dole a kawo iri daga waje. Irin kuwa shi ne ragowar dahuwar da ta gabata, wadda aka keɓe a ƙwarya aka rufe. Wadda ba ta da shi takan roƙi maƙwabciya, kamar yadda ake ɗebo wuta. Idan ta zuba shi ruwan yana da zafi, irin ya mutu. Idan ta yi jinkiri, ko ƙwaryar ba ta da tsabta, wasu ƙwayoyin su riga shi shiga, tukunya ta lalace, dawar mako guda da itacen da aka ƙona su tafi a banza. Da yatsa take auna ɗumin. Da hunturu kuma ta san sai ta matsar da tukunya kusa da murhu, domin sanyi yana rage wa yisti kuzari.

A wajen 1857 ne Louis Pasteur, masanin kimiyya na Faransa, ya nuna cewa ƙananan halittu masu rai ne ke wannan aiki. Ni a ganina, Bafillatanar da ke zuba ɗan nonon jiya cikin madarar yau ta daɗe tana kiwon irin halittun nan, ko da ba ta raɗa musu suna ba.

Yanzu masu masa da yawa sun koma ga yistin kanti mai zuwa a leda. Yana da sauri, ban musa ba, amma kullum sai an saya. In ka koma gida, tambayi kakarka da me take tayar da ƙullu kafin zuwansa, ka rubuto mini sunan abin da harshenku da kuma Hausa.