Tsarkiyar Raket: Kowa da Ɗaurinsa

Jama'a, ba mu taɓa zaton za mu yi rubutu a kan wasan tanis ba. Mu dai goro muke sayarwa a nan Agege, idan Malam ya yi tafiya mu ja salla a masallacin layinmu. To amma autanmu ya fara da tsintar ƙwallo a filin tanis yana samun na mota, har shi ma ya kama raket. Shekarunsa 13 yanzu, burinsa wata rana ya buga gasar Dala Hard Court a Kano.

Abin da ya dame mu shi ne tsarkiyar raket ɗin. Bayan 'yan makonni sai ta tsinke, sai kuɗi. Da lissafin ɗan kasuwa muka je wajen mai ɗauri muka ce, wacce ce ba ta tsinkewa? Ya ce poliyesta. Muka ce ya sa ta, ya kuma ja ta tamau, kilo 27, don a ganinmu abin da aka ɗaure da ƙarfi shi ke daɗewa. Ya dube mu ya ce, "Alhaji, yaron nan ƙarami ne fa." Muka ce ai mu ke biya.

Ba a yi wata biyu ba yaro ya fara riƙe gwiwar hannu. Ko buta da ƙyar yake ɗagawa in zai yi alwala. A nan ne kocinsa, wani dattijo Bayarabe, ya zaunar da mu ya yi mana karatu.

Ya ce ɗauri mai sassauci, kamar kilo 22 ko 23, ƙwallo kan nutse a cikinsa ta fito da ƙarfi, hannu ya huta. Wannan shi ya dace da yaro, da dattijo, da mai bugu a hankali. Ɗaurin tamau kuwa na mai ƙarfin dantse ne, wanda ke son ƙwallo ta sauka inda ya nufa, amma duk jijjigar a hannunsa take ƙarewa. Poliyesta tauri gare ta, an yi ta ne don irin su Nadal masu murza ƙwallo da ƙarfin tsiya. Kuma takan mutu ba ta tsinke ba, kana ganinta lafiya lau alhali ta saki. Nailan ta fi ta laushi da araha. Mai kaurin milimita 1.30 ta fi daɗewa, mai 1.25 ta fi kama ƙwallo.

Da ya ce wadda ta fi kowacce laushi da hanjin saniya ake yinta, sai da muka yi dariya, mu da ke maƙwabtaka da mayankar Oko-Oba! Kamfanin Babolat na Faransa tun 1875 yake yin tsarkiyar hanji. Federer ma lokacin da yake wasa haɗawa yake yi, hanji a tsaye, poliyesta a kwance. Sai dai tsada gare ta, kuma ba ta shiri da danshin Legas.

Muka sa aka yanke waccan, aka sa nailan a kilo 23, yaro ya huta mako uku. Muka kuma haɗa kuɗi da iyaye biyu muka sayi nadi guda mai mita 200. Raket ɗaya na cin kusan mita 12, ka ga ɗauri 16 ke nan. Ashe saukin yana nan, ba a jikin yaro ba.

Abin da ya fi ba mu kunya, mu ne ke rubuta wa yara allo da yamma, kuma mun san ba a rubuta wa kowa daidai da na ɗan'uwansa, sai gwargwadon abin da zai iya ɗauka. Amma da aka zo kan namu, aljihu muka duba.

Iyaye, kafin ku ce a ɗaure, ku tambayi yadda yaron ke bugu, ku saurari kocinsa. In ya ce hannu na ciwo, kada ku ce raki ne. Allah ya raya mana su.