Kada Ka Ba Shi Takobin Duka Lokaci Ɗaya

Ƙanena,

  

Na ga saƙonka cewa kai za ka ja wa abokanka wasan Dungeons & Dragons, har kana shirin ba jarumin ɗayansu takobin gado mai ƙarfin +3 tun zaman farko. Don Allah ka dakata. Takobin da ya zo da ƙarfinsa duka, ba a tuna shi sai an jefa ɗan lidon nan mai fuska 20 ana haɗa lissafi.

Ka duba wasan Earthdawn, wanda kamfanin FASA ya fitar a 1993. A can ko ka tsinci takobin tsafi, ƙarfe ne kawai a hannunka sai ka gano sunansa. Daga nan ka shiga neman wanda ya ƙera shi, da wanda ya taɓa ɗaga shi a fagen fama, kowane sani yana buɗe wani ƙarfi. Wani matakin ma sai ka aikata wani abu da ya shafi tarihinsa. D&D ta gwada irin wannan a littafin Weapons of Legacy na 2005, inda makami ke farkawa a mataki na 5, da 11, da 17. Sai dai tana zaftare wa jarumi lafiya da ƙarfin sara a madadin haka, ni kam harajin ya yi mini yawa.

Ai ka san Gajere, takobin sarautar Katsina. Ba don kaifi ake girmama shi ba, don hannuwan da suka riƙe shi ne tun zamanin Sarki Korau.

Da ni ne, sulke ma zan ba jarumin. Na kakansa, wanda dangi ke alfahari da cewa ya mutu yana fuskantar abokan gaba. Ka bar shi ya yi wasa da shi zama uku ko huɗu, sannan wani tsohon maƙeri ya juya rigar ya nuna masa facin zobban tagulla, a baya, tsakanin kafaɗu. Gudu kakan ya yi, ko nasa ne suka soke shi? Kada ka ba da amsa. Sai ranar da ya gano gaskiya sulken zai fara mayar da kibiya.

Ka rubuto mini abin da ya ce da ya ga facin. Kuma kada wasan ya cinye maka lokacin jarrabawa.

Naka,
Yayanka